Ranar da Doña Chona Ta Dawo Duba Fenti

Duk garinmu, tun daga bakin coci har inda kwalta ta ƙare aka faɗa gonakin lemo, babu wanda bai san bakin Don Nicanor Dzul ba. Keken haya yake tuƙawa, amma in ka hau, kafin ya sauke ka za ka ji cewa shi ya koya wa makanikin garin ɗaure noti, shi ya gyara wa limamin coci huɗuba, kuma da ba don ciwon gwiwa ba da yanzu yana buga ƙwallo a babban birninmu Merida. Mutum ɗaya ne tak ya taɓa rufe masa baki a duniya, surukarsa Doña Chona.

Ita kuwa ba da faɗa take yi ba. 'Yar gajeriyar tsohuwa ce, bahaguwa, maganarta ba ta da yawa. Sai dai duk abin da Nicanor ya yi a gidan nan, sai ta bi bayansa ta sake. In ya ɗaura ragar kwanciya a ƙugiyar bango, ta zo ta kwance ta sake ɗaurawa. In ya share tsakar gida, ta ɗauki tsintsiya ta fara daga inda ya fara. Ko kallonsa ba ta yi, kuma wannan rashin kallon shi ya fi ci masa rai. Haka suka zauna har Allah ya karɓi abarsa.

To, a wajenmu matattu kan kawo wa gidajensu ziyara sau ɗaya a shekara, amma sabon mamaci ba a ba shi izinin zuwa gida sai ya shekara a can. Bana ne karon farko da Doña Chona za ta biyo sauran baƙin lahira a shigowar Nuwamba, ta zo ta ci abin da aka ajiye mata a tebur. 'Yarta Doña Landy, matar Nicanor, tun watan bai kama ba ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta wanke labule, ta goge hoton uwar, ta sa aka ƙara wa talo-talon gidan tsaba don ya yi ƙiba. Saura bangon babban ɗaki, wanda tsohuwar kan shafe da farar ƙasa duk shekara da hannunta na hagu, tana jan burushi a lanƙwashe kamar jinjirin wata. Tun rasuwarta ba a taɓa bangon ba, har ya yi duhu.

Kowa kuwa ya sani, in baƙin lahira suka zo suka tarar da aiki a ƙasa, wanki ne ko shara ko bango mai datti, ba sa zama cin abinci. Zage damtse suke yi su yi aikin da kansu. Babu kuma abin kunyar da ya kai a ce uwarka ta yi wannan doguwar tafiya ta zo, ka sa ta aiki.

Da safe suna karyawa Landy ta ce, "Tsoho, gobe zan jiƙa farar ƙasa. Ni da kaina zan shafa, yadda Mama take yi."

Nicanor ya dire kofi. "Farar ƙasa? Akurkin kaji za ki shafe? Haba tsohuwa, duniya ta ci gaba. Fenti za a yi, na gwangwani, mai sheƙi, kuma ni zan yi."

"Kai? Yaushe ka taɓa riƙe burushi?"

"Ji ta! Kin manta zamana a birnin Cancún? A gabana aka yi wa otal mai hawa goma fenti."

"A gabanka fa ka ce. Gadin ƙofa ka yi, shi ma ba ka kai ga albashin farko ba."

"Ido ai shi ne malami. Ki bar ni da ɗakin nan. In uwarki ta shigo ta ga bango, ko a lahira take sai ta yarda ta yi suruki. Wannan karon ba ta da abin sakewa."

Landy ta dube shi. Ta ga yadda idonsa ke ƙyalli, ta san wannan maganar ta daɗe tana cin sa. Ta ce, "Fari dai, tsoho. Ka yi fari."

"Fari tas," in ji shi, yana neman hularsa.

Da azahar sai ga shi da gwangwani biyu a keke. Ɗaya kore ne, ɗaya ruwan hoda. Wai farin ya yi masa kama da asibiti, koren kuma bai isa ɗakin ba, shi ya sa ya haɗa da ruwan hodan da ya rage a kanti. Ya juye su a babban bokiti ya dama da sandar tsintsiya. Maƙwabcinsa Gaspar mai aski, wanda ya riƙe masa ɗan fari ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna kompadre, ya leƙo ta kan katanga ya daɗe yana kallon bokitin.

"Kompadre, wa ya yi amai?"

"Jahilci dai bai yi ba. Wannan launin sunansa tekun safiya."

"To tekun nan ya ci ruɓaɓɓiyar fiya jiya da dare."

"In ya bushe zai canja."

"Allah ya sa. In bai canja ba, a canja gida."

Aikin farko shi ne fitar da kaya, don a otal haka ya ga an yi. Sai dai otal na da ɗakin ajiya, shi kuwa titi gare shi. Ya jawo kabad, ya jawo keken ɗinki, kujeru, talabijin, har da akwatin kayan Doña Chona, ya jere su a bakin hanya. Kafin ka ce kwabo unguwa ta taru. Doña Fidelia, wadda ke jan addu'a a gidajen mutane lokacin baƙin lahira, ta iso tana haki, mayafi a kafaɗa.

"Wayyo Nicanor, ta kore ka ke nan? Ni dai na san za a rina. Amma ta yi haƙuri, matar nan."

"Ba wanda ya kore ni, Doña Fidelia. Gyara ake yi."

"To in an tashi rabon kaya, keken ɗinkin nan ina so. Kada ka ba kowa."

Ya koma ciki yana huci, ya ɗauki wuƙar girki don ya kankare tsohon shafen. Yana kankarar farko ya tarar da wani a ƙasa, ya kankare wannan ya tarar da wani. Shafen shekara da shekaru ne a kan juna, duk na hannun surukarsa. Bai gama wurin da ya kai faɗin faranti ba kafaɗa ta fara kuka. Ya jefar da wuƙar, ya juya ga masu leƙe ta taga.

"Masu ƙaramin sani su ke kankara. Gwani kan tsohon yake ɗorawa, shi ne harsashi."

Ya tsoma rola a bokiti ya kai wa bango. Abin ya kama, ya yi sheƙi, Nicanor ya ja da baya yana shafa gashin baki. Daga nan fa ba a iya tsayar da shi ba. Duk abin da ya tarar a bango sai da ya sha tekun safiya: makunnin wuta, ƙusar kalanda, kalandar ma kanta don ya ce watan ya kusa ƙarewa. Wata tsaka da ke barcinta a lungu ta farka ta ji ta zama koriya. Tagogi biyun ɗakin ya rufe su ya shafe har da madatsansu, wai don layin ya fita daidai.

Da ya zo saman bango sai hannu ya gaza. Gaspar, wanda ya baro wani da rabin aski ya zo kallo, ya ce, "Kompadre, in kawo maka tsani?"

"Tsani na masu tsoro ne. Tsaya ka ga dabara."

Ya ɗauko ragar kwanciyarsa ya ɗaura ta a ƙugiyoyin bango, ya ɗame igiyar har ragar ta yi sama. Ya taka kujera ya haye, ya durƙusa a ciki, rola a hannu, bokiti rataye a gwiwar hannu. Ya ce Gaspar ya tura shi.

"In tura ka?"

"Tura mana! In na yi gabas in shafa, in na dawo yamma in shafa. Bango biyu a tafiya ɗaya. Ko a Cancún ba su san wannan ba."

Gaspar ya gicciya hannu a ƙirji, ya tura. Kai, abin mamaki, sai ga shi yana yi! Nicanor ya yi gabas ya zabga wa bango layi, ya dawo yamma ya zabga wani. Mutanen bakin ƙofa suka sa tafi. Tafin nan shi ya kashe shi.

"Ƙara ƙarfi, kompadre! Ku kira Landy ta zo ta ga mijinta!"

Ganga in ta cika zaƙi, fashewa za ta yi. Ƙugiyar nan ta saba ɗaukar mai barci, ba ta saba da mai tashi sama ba. A tafiya ta gaba ta fito daga bango da guntun dutse a jikinta. Nicanor ya yi gabas bai dawo yamma ba. Aka ji tim, aka ji bokiti ya biyo baya, sannan aka ji shiru.

Cikin shirun nan talo-talon gidan ya shigo. Dama tun da aka fara ƙara masa tsaba yake zargin mutanen gidan. Ya tarar da wani koren abu yana mutsu-mutsu cikin raga, ya buɗe wutsiya, ya kumbura, ya far masa. Nicanor na ihu yana kare ido, talo-talo na sara yana zamewa cikin fenti, Gaspar ya riƙe ciki ya zauna a ƙasa don dariya ta hana shi taimako. Da ƙyar tsuntsun ya ga ƙofa, ya fita titi a guje, kore shar daga wuya har ƙafa, ya bi ta kan kujeru da kabad yana buga musu hatimi.

Doña Fidelia ta dafe ƙirji. "Uwa Maryamu! Wannan wane irin aku ne?"

"Na Cancún ne," in ji Gaspar daga ciki.

Ana cikin kamun talo-talo sai yayyafi ya sauko, irin wanda kan zo a wannan lokacin, wanda tsofaffi ke cewa baƙin lahira ne ke wanke tufafinsu kafin su taso. Kayan gidan Nicanor kaf suna waje. Unguwa ta taya Landy kwasa, kowa da abin da yake ɗauke da shi da abin da yake faɗa. Ita kuwa akwatin uwarta ta runguma ta shige ciki.

Kwanakin da suka biyo baya fentin ya ƙi bushewa, don iska duk damshi ce. Nicanor ya ce yunwa fentin ke ji, ya ƙara masa shafe na biyu mai kauri. Bai bushe ba. Ya aro fankar shagon Gaspar ya kunna wa bango, fanka ta kwaso gashin aski da ke maƙale a jikinta da fuka-fukan talo-talo da ke ƙasa ta manna su a jikin fentin. Ya tsaya ya duba, ya ce wannan shi ake kira ado, ya bi da shafe na uku ya binne su. Ramin da ƙugiya ta bari kuwa ya cusa masa tsumma ya shafe.

Ana gobe baƙi za su iso, fentin ya yi fata a sama, ya daina kama hannu. Nicanor ya wanke jiki da kananzir, ya sa farar riga, ya kira matarsa.

"Shigo, tsohuwa. Rufe ido. To buɗe."

Landy ta buɗe. Ta dubi gabas, ta dubi yamma, ta dubi lungun da uwarta kan rataya ragarta. Ya jira ta yi faɗa, don ya riga ya tanadi amsa. Ba ta yi ba. Ta zauna a bakin kujera ta ce a hankali, "Ba za ta gane gidan ba, Nicanor. Za ta leƙo ta ga ba nan ba ne, ta wuce. Ni kuma shekara guda nake jiran ta."

Maganar nan ta soke shi, don mutumin yana son matarsa, bakin ne kawai ya fi ƙarfinsa. Tausayinta ya kama shi. Amma da ya buɗe baki abin da ya fito shi ne, "Za ta gane mana. Ai lambar gidan na nan a waje." Landy ta tashi ta tafi wajen ramin da ake gasa abincin baƙi.

Washegari da rana tsaka aka shirya tebur a jikin bangon gabas. Farin ƙyalle mai ɗinkin fure, hoton Doña Chona, kyandirori, kaskon turaren wuta, ƙoƙon cakulan mai zafi, ga pib manya-manya, wainar masarar nan mai nama da aka tono daga rami cikin ganyen ayaba, sai tururi suke. Yawanci 'yan uwa da maƙwabta na kusa ke zuwa addu'a. Ranar nan kuwa rabin gari ya zo, har waɗanda rabonsu da coci tun baftismarsu, kowa na son ganin tekun safiya. Ɗaki ya cika maƙil. Wani ya je buɗe taga ya tarar fenti ya haɗe ta da bango. Aka gwada ɗayar, ita ma haka.

Zafi ya taso. Tururin abinci, hayaƙin turare, wutar kyandir, numfashin jama'a, duk suka rasa hanyar fita. Mata na fifita da gefen mayafi. Nicanor kuwa ya tsaya kusa da tebur, gab da bango, yana yi wa na kusa da shi raɗa.

"Shafe uku ne. Taɓa ka ji. Wannan sai jikokina."

Gaspar ya ce, "Kompadre, bangonka na da ciki."

"Yi mini shiru, ana addu'a."

"Wallahi ciki ne da shi. Ga shi can sama da kanka, ya kusa haihuwa."

Nicanor bai ɗaga kai ba, don ya ɗauka tsokana ce. Doña Fidelia ta ja addu'a da muryarta mai rawa, jama'a na amsawa. Ta zo wurin kiran sunayen mamatan gidan, ta kira kakanni, ta kira mijin tsohuwar. Landy ta sunkuyar da kai. Doña Fidelia ta ɗaga murya.

"Da baiwarka Chona Canul, wadda yau ne zuwanta na farko."

Ba ta rufe baki ba aka ji wani sauti daga sama, fiii, kamar ana yage sabon yadi. Fentin ya saki bango tun daga bakin rufi. Bai fashe ba, bai ɓarɓashe ba, sulluɓowa ya yi gaba ɗayansa, shimfiɗa guda, a hankali, ya tsallake hoton da kyandirori ta gefe, ya sauka a kan Don Nicanor Dzul ya lulluɓe shi har gwiwa. Kafin ihu ya lafa, na yamma ma ya ga ɗan uwansa ya tafi, ya biyo.

Sai ɗakin ya yi haske. Fentin ya tafi da dattin saman tsohon shafen, abin da ya rage a ƙasa fari ne fat, kamar jiya aka yi shi. A jikinsa kuwa, tun daga ƙasa har iyakar inda hannun gajeriyar mace zai kai, ga sawun burushi nan a lanƙwashe, jinjirin wata bisa jinjirin wata, duk daga hagu suka taso.

Landy ta miƙe. Ta taka har jikin bangon ta ɗora tafin hannunta a kai. "Hannun Mama ne," ta ce. Ta juyo, hawaye na zuba, tana dariya. "Ta zo. Ta gane gidan. Ta zo!"

Doña Fidelia ta zube a gwiwa tana gicciya hannu. "Ta zo, ta tarar da aikin banza, ta sake! Wayyo abin kunya, a gaban jama'a! Shekara nawa ina jan addu'a, ban taɓa ganin mamacin da aka sa aiki da rana tsaka ba sai a gidanka, Nicanor."

Daga ƙarƙashin koren bargon aka ji murya. "Ku cire ni mana! Wannan ai damshi ne. Ko a Cancún..."

"Yi shiru, kompadre," in ji Gaspar, yana neman inda kan yake. "Tana nan cikin ɗakin. In ta ji ka, kai ma sake ka za ta yi."

Ɗaki ya ɗauki dariya, har masu addu'ar. Aka yage fentin aka fito da shi, farar rigar ta koma tekun safiya, gashin talo-talo ɗaya a manne a goshinsa. Ya dubi farin bango, ya dubi hoton. Tsohuwar na nan yadda mai hoto ya ɗauke ta, idonta a gefe, ko kallonsa ba ta yi.

Ya gyara wuyan riga. "To, ku faɗi gaskiya. Duk garin nan, gidan wa aka tabbatar mamacinsa ya zo? Kowa ajiye abinci yake yana fata. Ni kuwa na san halinta. Na san in na bar mata abin sakewa, ko ana ruwan wuta sai ta zo. Da gangan na yi."

"Har da faɗowa daga raga?" in ji Gaspar.

"Har da shi."

Landy ba ta ƙaryata shi ba. Ta share ido da gefen riga, ta cire masa gashin da ke goshi. Aka ƙarasa addu'a, aka fara rabon pib, ta yanko masa babban yanki mai cinyar talo-talo a ciki, wanda tun safe yake cewa nasa ne don shi ke da tsohuwar gaba da mai cinyar. Ya miƙa hannu biyu, baki har kunne. Sai ta wuce shi da farantin, ta ajiye gaban hoton, ta matso da ƙoƙon cakulan kusa.

"Ci, Mama," ta ce. "Ke kika yi aiki."